Sa hannu a fom ɗin garanto: ƙauna ce ko wauta?

Istifanus (Agege):
Salama gare ku 'yan'uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Dan Allah ina so iyayenmu da ke gidan nan su taimake ni da Maganar Allah, ba ra'ayi kawai ba. Wani yaro ɗan garinmu da ya zo Legas bara, yana cikin mawaƙa a majami'armu, ya samu inda za su ba shi keke napep ya riƙa biya duk sati har ya gama, kuɗin gaba ɗaya ya haura naira miliyan 5, amma sun ce sai ya kawo garanto biyu masu aikin albashi da fasfo da lambar NIN da adireshin gida, har ma za su turo mutum ya ga gidan. Ni ya zo wa. Matata ta ce sam. Na buɗe Karin Magana 22:26-27 na ga an gargaɗe mu kada mu shiga cikin masu ɗaukar lamunin bashin wani, don in ba ka da abin biya har gadon da kake kwana za a janye a ƙarƙashinka. Na juya 1 Yohanna 3:17 kuma ga shi ana tambaya, wanda yake da abin hannu ya ga ɗan'uwansa cikin bukata ya rufe zuciyarsa, ina ƙaunar Allah a cikinsa. Toh wanne zan bi? Yaron ya ce ranar Juma'a za a rufe, in bai kawo ba wani za a ba.

Maman Godiya (Mile 12):
Ɗana ka ji maganar matarka. Wata maƙwabciyata mijinta ya tsaya wa ɗan ƙanwarsa a wajen aikin gadi, ɗan ƙanwarsa fa ba bare ba, aka yi sata a gidan da yake gadi yaro ya kashe waya ya hau motar arewa, har yau da nake maka maganar nan mutumin nan yana biya, firiza da janareton da take sayar da ruwa da zoɓo da su duk sun tafi a kai. Ba labari na ji ba, a gabana aka fitar da kayan. Littafi ya riga ya gaya maka, me kake nema kuma?

Iliya:
Mama ki yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Waye a cikinmu ya zo Ikko da garanto a aljihu? Kowa nan wani ne ya tsaya masa. Yaya Istifanus kai ma ranar da ka samu aikin da kake yi yanzu ai wani ne ya sa maka hannu bai ce sai ya san kakanninka ba. Yanzu da Allah ya buɗa mana sai mu fara ɓuya a bayan Karin Magana? Basamariyen nan na Luka 10 bai san mutumin da ya tsinta a hanyar Yariko ba, ko sunansa bai sani ba, ya ba mai masauki dinari 2 ya ce duk abin da ka ƙara kashewa in na dawo zan biya. In wannan ba garanto ba ne toh mene ne? Kuma shi Yesu ya ce mu je mu yi haka, firist da Balawe da suka yi taka-tsantsan suka ratse ai ba su aka yaba ba.

Maman Godiya (Mile 12):
Kai dai ba ka da iyali shi ya sa.

Iliya:
Ba maganar iyali ba ce Mama, maganar bangaskiya ce. Yaran nan suna zuwa daga gida ba aiki ba komai, in ikkilisiya ba ta riƙe su ba ƙarƙashin gada zai riƙe su, mun sha gani.

Danjuma mai keke:
Ku bari in sa baki tunda sana'ata ce. Kafin a kai ga aya a fara lissafi. Wanda bai taɓa tuƙi a garin nan ba yana ganin kawai fasinja na shiga kuɗi na shigowa. Ka fito da asuba, ka sayi tikitin 'yan yuniyan, kowace tasha da nata, ka sha mai wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023 shi ne yake cinye rabin wahalarka, ga bakanike ga faci ga ranar da ruwa zai cika hanya ba fita, ga ranar da jiki zai ƙi, amma balas na sati ba ruwansa da ko ɗaya a ciki, ranar da aka sa ranar ce. In ka fara tara bashi kuma akwai na'urar bin sawu a jiki, za su zo su ɗauke abinsu, abin da ka riga ka biya kuwa sai dai abin da takarda ta ce. Sannan doka tana iya juyawa dare ɗaya. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana okada da keke a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Mainland, a 2022 kuma aka sake ɗaure na okada har aka ƙara da su Mushin da Oshodi da Kosofe da Shomolu, mashinan da aka kama an murƙushe su kowa ya gani a talabijin. Mutane nawa ne suka ɗauki mashin bashi a lokacin, mashin ya tafi bashi ya zauna, masu garanto ne suka ji a jikinsu. Ni ban ce yaron ɓarawo ba ne, mai gaskiya ma yana kasawa, abin da nake so Iliya ya gane kenan.

Baba Ayuba:
Salama 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, idona ba kamar dā ba don haka ku yi haƙuri da jinkirina.

Istifanus, ayoyin nan biyu da ka kawo ba faɗa suke yi ba, Ruhu ɗaya ne ya ba da su. Iliya kuma ba ƙarya ya yi ba, akwai mutanen Allah da suka tsaya wa wasu, bari in ƙara masa biyu ma a kan nasa. A Farawa 43 Yahuda ya ce wa mahaifinsa shi ne lamunin Biliyaminu, a hannunsa za a neme shi. Amma ku bi labarin zuwa sura 44, ranar da aka sami ƙoƙon Yusufu a buhun yaron, Yahuda bai ce ai ban san haka za ta faru ba, ya fito ya ce a riƙe shi bawa a bar yaron ya koma gida. Tun ranar da ya buɗe baki ya san abin da alkawarin zai iya ci, ya kuma yarda. Manzo Bulus shi ma ya rubuta wa Filimon a kan Onisimus cewa in ya cuce ka ko kana binsa wani abu ka ɗora a kaina, ni na rubuta da hannuna zan biya. Toh amma Onisimus ba wanda ya gani a sujada sau uku ba ne, yaro ne da ya tuba a hannunsa ya yi masa hidima a kurkuku har yana kiransa ɗansa. Basamariye kuma kuɗinsa ne a aljihunsa, dinari lada ne na yini ɗaya a lokacin, ya ba da na kwana biyu, abin da ya rage jinyar mutum ɗaya ce a masauki, abin da ƙarfinsa zai ɗauka.

Abin da Karin Magana take kira rashin hankali shi ne mutum ya tafa hannu a kan abin da ba shi da shi, ko don kunya, ko don kada a ce masa marowaci, ko don yana gaya wa kansa ai ba abin da zai faru. Ka karanta sura 6 daga aya 1 zuwa 5 ka ga yadda aka ɗauki abin da zafi, an ce in ka riga ka faɗa kada ka bar idonka ya yi barci, ka je ka ƙasƙantar da kanka ka roƙa a sake ka, ka kuɓuta kamar barewa daga hannun maharbi. Don haka tambayar da zan yi maka ɗaya ce ɗana, kuma ba ni za ka amsa wa ba. In yaron nan ya kasa a wata na huɗu, za ka iya biyan kuɗin nan ba tare da 'ya'yanka sun bar makaranta ba, ba tare da ka tsane shi ba, har ku ci jibin Ubangiji tare? In amsar i ce ka sa hannu da farin ciki. In a'a ce, hannun da za ka sa alkawari ne da ka san ba za ka iya cikawa ba, Mai-Wa'azi 5:5 kuwa ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa.

Istifanus (Agege):
Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku lafiya. Gaskiya albashina na shekara biyu ma bai kai kuɗin ba.

Rifkatu:
Ni abin da ya tsaya min a rai tun farko shi ne “matata ta ce sam” sai aka wuce kamar ba a yi magana ba, Maman Godiya ce kaɗai ta taɓo shi. Yaya ka tambaye ta dalili kuwa? Adireshin da za a rubuta a fom ɗin ai ɗakinta ne, ranar da za su zo ƙila kana wajen aiki ita za su tarar da yara. Maza da yawa a cikinmu sai sun gama sa hannu mace take ji, wani lokacin ma daga bakin masu bin bashin.

Ku tuna 1 Sama'ila 25. Nabal yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000, mutanen Dauda sun tsare masa makiyaya a jeji ba abin da ya ɓata, suka zo ranar sausaya da ladabi suna neman abin da ya sawwaƙa ya zazzage su ya kore su. Dauda kuma da ya ji bai tsaya tunani ba, ya ce kowa ya ɗaura takobi, wajen mutum 400, ya rantse kafin gari ya waye ba zai bar namiji ko ɗaya a gidan ba. Kun ga maza biyu kenan, ɗaya rowa da baƙar magana, ɗaya zafin zuciya, kuma ɗayan nan shafaffe ne na Ubangiji. Wa ya tsaya ya saurara? Abigail. Bara ya gaya mata ta ji shi har ƙarshe, ta haɗa gurasa 200 da tumaki 5 da aka gyara da sauran kaya ta tare Dauda a hanya ta tuna masa cewa ranar da zai hau sarauta kada jinin nan ya zame masa abin nadama, shi da bakinsa ya yi wa Allah godiya da ya aiko ta. Abin da ya fi burge ni ma da ta dawo ta sami mijin a buge ba ta ce masa uffan ba sai da safe da giya ta sake shi. Ta yi sauri inda ake bukatar sauri, ta yi shiru inda magana ba za ta yi amfani ba. Kuma Iliya ka lura ba hannu wofi ta je ba, don haka ni ba na goyon bayan a kori yaron nan haka kawai, wannan halin Nabal ne.

Iliya:
Yauwa Anti Rifkatu, abin da nake tsoro kenan, kada mu sa wa rowa sunan hikima. Baba na ji bayaninku kuma ina girmama shi amma ku ba ni dama in ƙara ɗaya. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a garin nan na Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suna so su kai bishara ƙasarmu ta arewa, manya da suka tarar a nan suka ce musu ba za su kai ba. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. A lissafin mutum wannan wauta ce tsantsa, amma daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga ita ikkilisiyar ECWA. Da sun zauna sun ƙirga kamar yadda muke ƙirgawa yau da wa zai koya mana karatu da Hausa? 1 Korintiyawa 1 ai ta ce saƙon gicciye wauta ne ga masu hallaka. Ni ina jin tsoro Legas ta koya mana wayo har mun manta da dogara ga Allah.

Malam Haruna:
Ƙanena Iliya ina son zafin nan naka ga yaran da ke zuwa, kada ka bari ya huce. Amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Samarin nan ransu suka sa, nasu na kansu, sun kuma san ana mutuwa a hanyar kafin su taso. Yesu da kansa a Luka 14:28, a daidai inda yake maganar ɗaukar gicciye, shi ne ya ce wanda zai gina hasumiya sai ya fara zama ya ƙirga ko yana da abin gamawa, kada ya sa harsashi ya tsaya mutane su yi masa ba'a. Wato wanda ya kira mu ga sadaukarwa shi ne dai ya ce mu zauna mu ƙirga, don mu shiga da ido a buɗe. Shi Bingham ma bai sake faɗowa haka kawai ba, ya koma Kanada ya nemi mutane da tallafi, ya gwada a 1900 bai yiwu ba, sai a zuwa na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902.

Akwai kuma abin da ake kira bangaskiya alhali gwada Allah ne. Shaiɗan ya kai Ubangiji kan tsororuwar Haikali ya ce ya diro, har da aya ya kawo masa daga Zabura 91 cewa mala'iku za su tallafe shi, Yesu ya ce kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Nehemiya kuma da magabta suka taso, 4:9 ta ce sun yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana, bai ga cewa gadi ya rage wa addu'a daraja ba. Kafin ma ya ce wa kowa a tashi a yi gini sai da ya kwana uku a Urushalima, ya fita da dare ya zagaya ya duba garun da idonsa.

Ni abin da ya fi ɗaga min hankali a maganar nan ita ce Juma'ar nan. Duk abin da aka ce maka yau-yau ne ko ka rasa, ka ja baya ka duba. Haka aka yi mana da MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a ci riba mai yawa, a cikin majami'u aka riƙa yaɗa shi har da shaida, mutane suka zuba kuɗin haya da na adashi, Disamba 2016 aka rufe asusun kowa ana shirin Kirsimeti. Ba mu koyi komai ba, wata irinta mai suna CBEX ta zo ta sake kwashewa a Afrilu 2025. Karin Magana 14:15 ta ce marar wayo yakan gaskata kowace magana, mai hankali kuwa yakan lura da takunsa, 19:2 kuma ta ce himma ba tare da sani ba ba ta da kyau, mai gaggawa yakan ɓata hanya. Ba na cewa masu keken macuta ne, ban san su ba. Amma keke ba zai ƙare a Legas ranar Juma'a ba.

Iliya:
Malam na ji, amma shi yaron da yunwa fa? Shi ma jira zai yi ta yi har mu gama nazari?

Hannatu:
Ku ba ni minti ɗaya, a ofishin lauya nake aiki kuma irin takardun nan suna wucewa ta teburina. Yawancin mutanenmu sun ɗauka garanto shaida ce kawai cewa na san shi, yaron kirki ne. Wani fom ɗin haka ne, amma wani a ciki an rubuta cewa in ya kasa kai za ka biya duka har da kuɗin ruwa da kuɗin da aka kashe wajen bin bashin, wani ma ba sai sun nemi shi ba tukuna, kai tsaye kanka za su zo. A kotu abin da ke rubuce ake dubawa, ba abin da ejan ya faɗa maka da baki yana murmushi ba. Don haka Yaya ka ce a ba ka fom ɗin ka kai gida ka karanta a natse, in sun hana ka fita da shi wannan ma amsa ce. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbin kuɗi babu komai, ka kuma riƙe kwafi. Ana iya neman a rubuta iyakar abin da ka tsaya a kai, misali wani kaso na kuɗin ba duka ba, wasu suna yarda wasu ba sa yarda amma tambaya ba laifi ba ce. Ga waɗanda suka riga suka shiga kuma, ku sani dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana a kama wani a madadin wani. Wannan ba ya goge bashin fa, za su iya kai ka kotu, amma kada tsoro ya sa ka sayar da kayan ɗaki a dare ɗaya kafin ka nemi shawara.

Maman Godiya (Mile 12):
Kai Hannatu, da maƙwabciyata ta san wannan. Allah ya yi miki albarka 'yata.

Danjuma mai keke:
Iliya a kan maganar yunwa, ga abin da zan iya. Ni daga asuba nake fita in tashi wajen ƙarfe 2, keken yana ajiye har dare. In yaron yana da lasisi ya zo ya riƙa karɓa da yamma yana kawo min balas kaɗan, ya koyi hanya, ya san 'yan tasha su san shi, ya ji ko jikinsa zai ɗauka, don wani sati biyu yake yi ya ce shi ba zai iya da zagin fasinja da 'yan tikiti ba. Bayan wata uku ko huɗu kowa zai ga irin riƙonsa, ni kaina a lokacin in na ga hali zan iya zama garanto ɗaya in masu keken sun yarda, tunda na san aikin kuma in ya kasa zan iya karɓar keken in ci gaba da biya. In ya ce shi sai sabo ko ba komai toh Yaya Istifanus ka ga amsarka ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Rifkatu:
Allah ya saka maka Danjuma. Amma a gaya wa yaron da mutunci dan Allah, kada ya ji kamar an zauna an yi shari'arsa. Mu duka nan ɓangare ɗaya muka ji, shi ba ya cikin gidan nan, Karin Magana 18:13 kuwa ta ce amsa magana kafin a ji ta wauta ce da abin kunya.

Rabaran:
Salamar Ubangiji ta kasance da ku. Ina hanya ne shi ya sa ban shigo da wuri ba, na ji daɗin yadda kuka yi gardama ba zagi. Abu ɗaya zan ƙara wanda ya shafe mu shugabanni. Sau da yawa mu ne muke matsa wa mutane, a tashi a sanarwa a ce wane yana neman garanto wa zai taimaka, mutum ya ɗaga hannu don idon jama'a ya koma gida yana kuka. Wannan ba daidai ba ne kuma zan kai maganar gaban dattawa. Rehobowam a 1 Sarakuna 12 ya nemi kwana uku ya yi shawara, har nan ya yi kyau, amma da dattawa suka faɗa masa abin da ba ya so sai ya koma wajen abokan tasowarsa da za su faɗa masa abin da kunnensa ke so, kabila goma suka ɓalle. Istifanus kada ka zaɓi amsar da ta yi maka daɗi a cikin waɗannan, ko ta ƙi ko ta yarda. Ku durƙusa kai da matarka ku roƙi hikima yadda Yakubu 1:5 ta ce, sannan ka kira yaron ka gaya masa gaskiyar ƙarfinka da bakinka, kada ka riƙa kashe waya kana ce masa gobe.

Istifanus (Agege):
Na gode Baba Rabaran, na gode kowa da kowa. Danjuma zan kira ka anjima in na tashi aiki.

Iliya:
Ranka ya daɗe tunda za ku kai gaban dattawa ina roƙo a haɗa da wannan. Shi wannan yaron ya yi sa'a yana da ɗan garinsu, an kuma samu Danjuma. Akwai waɗanda suke sauka a Agege da Alaba Rago da leda ɗaya, wasu rikici ne ya koro su daga ƙauyukansu, ba wanda ya san su balle ya gwada halinsu wata uku. In kowa ya ce sai wanda ya sani, su wa zai fara saninsu? Me zai hana ikkilisiya ta ware wani asusu daga baiko na musamman, ya zama ita ce ke tsayawa har zuwa wani adadi, in an yi asara ta zama ta mu duka ba ta gida ɗaya ba. Rukunin matasa za mu iya ɗaukar bin sawu, mu san inda kowa yake kwana da inda yake aiki.

Baba Ayuba:
Shawarar tana da kyau ɗana amma kuɗin ikkilisiya amana ne, shi ma yana bukatar ido fiye da na aljihun mutum. Manzo Bulus da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, yana nan a 2 Korintiyawa 8. In za a yi sai a rubuta ƙa'ida, wa zai sa hannu, nawa ne iyaka, me za a yi wa wanda ya kasa. Ku matasa ku rubuto abin da kuke tunani ku kawo mana a takarda.

Maman Godiya (Mile 12):
In za a yi a sa mata a kwamitin, mu ne muke riƙe adashin Zumuntar Mata shekara da shekaru kuma mun san yadda ake bin kuɗi ba a ɓata zumunci ba. Sannan ba kowa ne sai keke ba Iliya, miliyan 5 a kan mutum ɗaya ya yi yawa, da kaɗan daga cikin wannan yara nawa za a saya wa baro ko a ba su jarin albasa da tattasai su fara. Masu sauke kaya ma kullum ana nema a wajenmu in motocin tumatir sun iso. Duk wanda ka sani yana zaune ba aiki ka turo min shi kasuwa ranar Litinin da sassafe kafin ƙarfe 6, ya tambayi layin 'yan tattasai.